Har Bulo Ya Nutse

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Takalman Alden a jiƙe suke. A bayan murhu na same su, ya jera su tsaf, ruwa na bin katakon ɗaki. Na ce, "Ina ka je?" Ya ce, "Ina kuwa zan je, Verna?" Ko hularsa bai cire ba.

Kan ƙanƙarar tafki ya je. Ƙarfen huda ƙanƙara na jingine a baranda, bakinsa na ɗiga.

Paulette ce ta ce in riƙa rubuta abin da ubanta yake yi, wai saboda likita. Ita kaɗai muka haifa, kuma tun tana rarrafe take ba da umarni. To ga shi ina rubutawa, amma ba likitan da zai gani.

Tun kafin mu haɗu Alden yake fama da littafi ɗaya, na Eben Farnum, mutumin da ya bar gari a zamanin kakannin kakanninmu, ya gina bukka a bakin tafkin Tarbell, ya zauna da wake da gatari, sannan ya rubuta wa duniya cewa duk wahalar da take sha ta banza ce. A gidan nan Tsoho muke ce masa, kamar kawun da ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya. Alden ya koyar da littafin a jami'a, ya yi ritaya da shi, ya jawo ni muka sayi gida inda ake hango gurbin bukkar. Aikin rayuwarsa shi ne sharhi. Kowane tsuntsu da Tsoho ya ambata, kowace ciyawa, kowane maƙwabci, sai ya bi diddigi ya rubuta bayani a ƙasan shafi, ni kuma in buga. A wasu shafukan Tsoho na maƙale a can sama, Alden ya cinye sauran filin.

Tsoho kan fita da safe a lokacin sanyi ya huda ƙanƙara a tsakiyar tafki ya auna kaurinta. Alden ma haka yake yi duk shekara, don ya kwatanta a sharhi. Da can ya san ranar da ake dainawa.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Gil Thibodeau, maƙwabcinmu mai shago, ya kai bulo kan ƙanƙara yau, kamar yadda ake yi duk shekara. Daga taga na hango shi yana jan katakon da bulon ke kai zuwa tsakiyar tafki, ga jan ƙyalle a kan sanda, yana warware waya har barandar shagonsa inda agogon yake rataye. Ranar da ƙanƙara ta saki, bulo ya nutse, wayar ta fizge, agogo ya tsaya, wanda ya canki rana da lokaci sai ya yi ta cika wa gari baki har baɗi.

Da ya dawo ya biyo mana da kwalbar zumar itace, wadda ake dafawa daga ruwan bishiya, ta dahuwar farko. Ya ce, "Farfesa, wace rana za ka canka bana?"

"Ashirin ga Afrilu," in ji Alden. "Ba ta taɓa tashi kafin nan ba."

Gil ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Kai da bakinka ka tara mu a ɗakin karatu na gari ka ce wannan zamanin ya wuce." Sai ya dubi fuskar Alden, ya dube ni, dariyar ta tsaya. A bakin ƙofa ya rage murya. "Verna, ƙanƙarar bana ba ta da amana. Ni ma da igiya a ƙugu na shiga."

Na ce mun gode da zuma.

Alhamis, 6 ga Maris, da safe

A jiƙe.

Jumma'a, 7 ga Maris, bayan abincin rana

Na ɗauko masa shafin. A sama Tsoho yana cewa ƙanƙarar Tarbell takan ɗauki keken shanu da lodin itace har tsakiyar Afrilu. A ƙasa ga sharhin Alden, wanda na buga da yatsuna: cewa a shekarun nan takan fara ruɓewa tun farkon Maris, kuma duk wanda zai bi kalandar Farnum ya taka ta, to ya fara yin sallama da iyalinsa. Yana ji da layin nan sosai, ya sha karanta wa baƙi.

Na karanta masa a hankali. Ya saurara, ya cire tabarau.

"Wane mai shisshigi ne ya rubuta wannan a ƙarƙashin maganar mutane?"

"Kai ne."

"To ban san abin da nake faɗa ba."

Na shiga kicin na yi dariya har sai da na dafa tebur. Daga baya dai ba dariya nake yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris, da magariba

Paulette ta zo daga Burlington da takardu a jaka. Sai da ubanta ya kwanta barcin rana ta fito da su. An samar masa ɗaki a can, a gidan kula da tsofaffi. Ba zan rubuta sunan wurin ba. Za su riƙe mata shi zuwa farkon Afrilu.

"Mama, ƙofofinsu a kulle suke. Ba mai fita shi kaɗai."

"Na ji gidan yari ma haka yake."

"Mama."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Paulette."

"To naki ɗakin a tsakiyar tafki yake yoyo. Jira kike sai Gil ya kira ni?"

Ban gaya mata maganar mota ba. A watan Nuwamba, da muka fito daga wurin likita, Alden ya tsayar da mota a gefen hanya, ya daɗe yana kallon sitiyari. Ya ce, "Kome na zama, kada ki kai ni inda ba na ganin ruwan nan." Na ce ba zan kai ka ba. Daga ranar bai sake tuƙi ba.

Na ce mata ƙanƙara ce kaɗai matsalar, in ta narke ba abin da zai taka. Ta bar ni har bulo ya nutse. In na tsare shi zuwa ranar, ya zauna a gidansa. Ta daɗe tana kallona da idanun nan irin na ubanta. Ta ce, "Har bulo ya nutse. Amma in ya sake shiga, ko sau ɗaya, zan zo da mota."

Na ce to. Ta bar takardun a kan firji, ni kuma na ɗora musu kwandon albasa.

Litinin, 10 ga Maris, da asuba

Na ɓoye takalman a bayan mota.

Talata, 11 ga Maris, da la'asar

Ya birkita gidan nan kaf. Daga ƙarshe ya zauna a matakala cikin safa, yana cewa an shigo an yi masa sata, a ƙasar da Tsoho bai taɓa kulle ƙofa ba. Ya yi kuka. Rabon da in ga hawayensa tun rasuwar mahaifiyarsa.

Na je na ɗauko, na ce a baranda na gan su. Ya rungume su a ƙirji. Na ji kunyar kaina, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci ɗaya. Na rataya ƙararrawar shanu a ƙofar baya.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

A bushe. Ƙararrawa ta kaɗa, na tare shi da kofi.

Jumma'a, 14 ga Maris, da hantsi

Yarinyar kamfanin buga littafi ta sake rubuto wa Alden. Ni nake amsawa da sunansa tun Disamba, har ta yaba wai salonsa ya ƙara sauƙi. Tana son sauran babobin, kuma tana so a rage sharhin Hepsy, wai ya yi tsawo a kan wadda ba ta cikin littafi.

Gaskiyarta, ba ta ciki. Hepsy ƙanwar Tsoho ce. Duk littafin wuri guda ta leƙo, shi ma ba suna: ya ce wata safiya ya tarar da burodi a bakin ƙofa, ya gode wa Mai Sama. Alden ne ya yi ta bin tsofaffin gidaje da coci-coci har ya gano cewa duk Asabar take ratso ƙanƙarar nan da kwando, burodi da wankakkun safa, ta ajiye ta juya don kada ta ɓata masa kaɗaicin da yake rubutawa. Ranar da ya gano ya shigo yana huci ya ce, "Verna, mutumin nan ɗan rainin wayo ne." Amma bai daina son sa ba.

Ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Na gama buga babi na goma, babin ƙanƙara. Na sha ɗaya yana kan tebur a cikin jakarsa, ban buɗe ba.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Na miƙa masa burodi, ya ce, "Na gode, Hepsy. Kin sha hanya." Na ce ba komai.

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Gari duk murna, masu dafa zuma na cewa itatuwa za su ƙara ba da ruwa, waɗanda suka canki Afrilu na yi wa 'yan Maris tsiya a shagon Gil. Ni kuwa na tsaya a taga ina zagin bulo. Yana nan zaune daram da jan ƙyallensa, kamar an haife shi a wurin.

Jiya a coci kowa na roƙon zaman lafiyar duniya, ni iskar kudu da ruwan sama mai ɗumi na roƙa. Ban taɓa roƙon Allah abu kai tsaye haka ba, ban ma ce in ya ga dama ba.

Barcina ya zama na zomo. Ko itace ya motsa a murhu sai in zabura.

Laraba, 19 ga Maris, da azahar

A bushe. Na fasa kofin Paulette na yarinta.

Alhamis, 20 ga Maris, da magariba

Ba zan rubuta ba yau. Gil ya tafi da tsaninsa da igiyarsa. Takalman Alden na bayan murhu. Nawa ma suna can.

Asabar, 22 ga Maris, da hantsi

Kujera ce ta ci amanata. Na zauna in huta ƙafa bayan abincin rana, ban ji ƙararrawa ba. Da na farka gidan ya yi wani irin shiru, tun kafin in tashi na sani.

Alden ya yi nisa a kan tafki, kusa da jan ƙyallen. Ƙanƙarar ta yi launin toka, ruwa kwance a kanta, tana wani nishi daga ƙasa. Na shiga har inda ta fara lotsawa a ƙarƙashina. Na kira Alden, na kira Alden, ko waiwaye bai yi ba. Ya durƙusa yana shirin kafa ƙarfe.

Sai na ji bakina ya ce, "Eben! Na kawo burodi, zo ka karɓa, ba zan iya ƙarasowa ba."

Ya miƙe. Ya taho a hankali yana bin sawunsa, yana murmushi. Gil ya hango mu daga shago, ya riga ya shimfiɗa tsani a bakin gaɓa yana kwance a kai don kada ƙanƙara ta burma da shi. Ƙafar Alden ɗaya ta burma dab da gaɓa, iya gwiwa kawai.

Tun muna matasa nake kiran mutumin nan da sunansa yana amsawa. Ranar Alhamis da sunan wani ya zo. Wannan ya fi ƙanƙarar yi mini ciwo.

Gil ya ce, "In Paulette ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba." Na ce wa ya ce ka yi ƙarya? Ka bar waya ta yi ta ƙara, ai zuma kake dafawa. Ya girgiza kai ya ce, "Ke dai Verna, Allah ya shirye ki." Jiya ta kira, na ce lafiya lau muke.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

Ruwa tun asuba, mai ɗumi. Na buɗe taga don in ji shi sosai. Hanya ta zama taɓo, motar wasiƙu ta maƙale a gangare, direban na ta ashar. Ban taɓa son taɓo haka ba.

Yanzu in zan zauna sai in ɗaura igiyar labule daga hannun ƙofa zuwa wuyan hannuna. Ya gani ya ce, "Kamun kifi kike yi?" Na ce e, wani babba nake jira.

Laraba, 26 ga Maris, da la'asar

Bulo ya karkata. Baƙin ruwa ya buɗe a gefen gaɓa, faɗin tabarma. Mutane sun fara zama a barandar Gil da kofinsu suna kallon agogo.

Yarinyar kamfani ta sake tambayar babi na sha ɗaya. Na ce yana nan zuwa. Na matsar da jakar ƙarƙashin ƙamus.

Alhamis, 27 ga Maris, da yamma

A bushe. Kaɗan ya rage.

Jumma'a, 28 ga Maris, da magariba

Ya nutse.

Ina wanke tukunya na ji ihu daga shagon Gil, motoci na ta hon. Na leƙa, ba ƙyalle, ba sanda, sai ruwa baƙi wuluk da gutsattsarin ƙanƙara na yawo a kai. Na zauna a ƙasan kicin da kumfa a hannu.

Alden ya zo ya tsaya a taga. Ya daɗe. Sai ya ce, da muryarsa ta da, wadda yake faɗa mini abin bugawa da ita, "Verna, yau nawa ga wata?" Na faɗa masa. Ya ce, "A Maris. Ki rubuta a ƙasan shafin, Tsoho da ya gani da bai yarda ba." Ya dafa kaina ya ce, "Me kike yi a ƙasa, 'yar tsohuwa?"

Verna ya ce. Na gasa wake da naman alade, na zuba masa zumar Gil ba awo. Na kira Paulette na ce ta ce musu su ba wani ɗakin. Ta ce za ta kira su ranar Litinin, yau sun tashi. Na kwance igiyar labule na mayar da ita wurinta.

Asabar, 29 ga Maris, da hantsi

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da sassafe na ji ƙarar jan abu a kan tsakuwa. Ƙofar rumfa a buɗe. Ya jawo kwalekwale har bakin ruwa, yana tsaye a ciki iya cinya, a ruwan da jiya-jiya ƙanƙara ne, wanda ko saurayi ya faɗa ciki ba zai kai gaɓa ba. Leɓɓansa sun yi baƙi, amma fuskarsa fal farin ciki. Ya ce, "Hepsy, riƙe mini nan. Ruwa ya buɗe."

Babi na sha ɗaya ke nan. Washegarin tashin ƙanƙara Tsoho ya sa kwalekwale a ruwa, kuma daga nan har kaka kullum yana kan tafki, shi kaɗai, safe da yamma. Na sani. Littafin nan na buga shi har ina iya karanta shi da ka. Na sani tun ranar da na ce wa Paulette ƙanƙara ce kaɗai matsalar, shi ya sa ban buɗe jakar ba.

Ƙanƙara ko ba komai tana da ranar tafiya. Ruwa kuwa yana nan har Disamba, ni kuma kujera na nan tana jirana.

Na fito da shi, na naɗe shi da bargo a gaban murhu. Na sauke kwandon albasa daga kan firji.

Lahadi, 30 ga Maris, da azahar

Na kira Paulette. Na gaya mata har da na ranar Alhamis. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Talata, 1 ga Afrilu, da yamma

Paulette ta ce a ce masa asibiti za a je a dawo. Na ce a'a, ni na san yadda zai shiga mota.

Bayan karin kumallo na ce wa Alden bari in karanta maka inda muka tsaya. Na tsallake kwalekwale, na tsallake gonar wake, na tsallake bazara da kaka gaba ɗaya, na buɗe babin ƙarshe, inda Tsoho ya ce ya zauna iya zamansa, ya share bukka, ya bar ƙofa a buɗe, ya cire hula ya gaida ruwa, ya kama hanyar gari. Na karanta har da sharhin ƙasa, duka, ban rage komai ba.

Ya ce, "Har mun kai nan?"

Na ce, "Mun kai."

"Shekarar ta yi sauri."

Shi da kansa ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin karatu. Ya ce kada a rufe ƙofa. A bakin gaɓa ya cire hula ya tsaya, iska na kaɗa ɗan gashin da ya rage masa. Paulette ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara a cikin mota. Sai ya shiga ya zauna a gaba, ya ɗaura bel da kansa.

A can, tagar ɗakin da suka ba shi na kallon wurin ajiye motoci. Na tambaya ko akwai wani, suka ce babu. Sauran ba zan rubuta ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da la'asar

Na je. Yana zaune a bakin taga da littafin a cinya. An yi ruwa, ya kwanta a kan kwalta tsakanin motoci. Ya ce, "Tafkin ya ja baya bana." Na ce e. Ya ce, "Wa ya kawo ki?" Na ce ni na kawo kaina. Bai kira ni da suna ba, ko nawa ko nata.

Na aika wa yarinyar kamfani babi na sha ɗaya. Na ce sharhin Hepsy yana nan yadda yake, in ba su so su bar littafin. Da sunana na sa hannu.

Asabar, 5 ga Afrilu, da safe

Gil ya zo ya mayar da kwalekwale rumfa. Ya ce a cire ƙararrawar ƙofa? Na ce a bar ta.

Na gasa burodi ba tare da na yi tunani ba, guda biyu kamar kullum. Zan kai masa ɗaya.

Takalman na bayan murhu inda ya jera su. Na taɓa su da na tashi, kamar yadda na saba. A bushe suke.